Kafin Ka Gaida Baffanka Iliya

Madina, Harra ta Yamma

Ɗana Madani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ummarka ma tana gaishe ka, haka yayanka na Yanbu da ƙannenka. Allah ya sa ka buɗe wannan takarda cikin ƙoshin lafiya, ya sauke ka Kano lafiya, ya tsare ka a hanyar sama da ta ƙasa, ya haɗa ka da mutanen kirki a makarantar da za ka koyar da Larabci.

Na rubuta maka da boko. Harufan da ka koya a darasin Ingilishi ne, ka bi su a hankali, kunnenka zai gane abin da idonka bai gane ba. Da baki na so in faɗa maka, amma na san halinka. Kafin in kai tsakiyar magana za ka ce da Larabcinka, "Tayyib ya abuya, halas," ka sumbaci kaina ka miƙe. Wannan kuwa ba maganar tsaye ba ce. Kuma in gaya maka gaskiya, ba zan iya kallon idonka ina faɗarta ba.

Tafiyar rabin yini a mota daga garin da aka tura ka, akwai wani ƙauye, Rafin Kanya. A can aka haife ni. Kun taso kuna jin cewa ba ni da kowa a Najeriya. Ƙarya na yi muku. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Iliya, kuma yana raye. Kirista ne, shi ne mai bisharar ƙauyen, wato wanda yake yi musu wa'azi yana jan sujadarsu. Ni ma a cikinsu na girma. Bokon nan da kake gani, shi ya koya mini da tsinke a kan rairayi. Ina so ka je ka gaishe shi. Amma ba na so ka je ba ka san abin da na yi masa ba.

Ina saurayi ni nake karanta musu Littafinsu ranar Lahadi, don muryata ta fi ta kowa fita. Majami'ar ɗaki ɗaya ce ta ƙasa da jinka, in an cika har bakin ƙofa ake zama. Wata shekara aka ce a zaɓi matashi ɗaya a tura shi makarantar horar da masu bishara. Ni a raina na riga na ɗaure kaya. Dattawa suka zauna suka zaɓi Yohanna, wani abokina mai in'ina. Bayan an tashi sujada na tari Yaya a bakin ƙofa na ce ya faɗa mini dalili. Ya faɗa mini kuwa, mata da yara suna ji. Ya ce, "Haruna, muryarka kake so a ji. Yohanna so yake a ji abin da aka rubuta." Aka yi dariya. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Na ci gaba da durƙusa masa da safe, ina cin tuwon gidansa, ina riƙe da abin a cikina har wata takwas.

Madani, in mutum ya ɓata maka, je ka same shi tun abin yana da ɗumi. Ka faɗa masa, ko da muryarka za ta yi rawa, ko da za ku yi kwana biyu ba ku gaisa ba. Fushin da na lulluɓe da "ina kwana, Yaya" shi ne ya kusa halaka ni. Kuma ga shi za ka tsaya gaban ɗalibai. Kada ka kunyata ɗayansu a gaban 'yan uwansa, ko da gaskiya ce a bakinka. Ba ka san tsawon lokacin da zai ɗauka yana ɗauke da ita ba.

Filin da majami'ar take kai, wani tsoho Musulmi ne, Malam Gambo, ya ba su kyauta, saboda Yaya ya yi damina guda yana wanke masa gyambon ƙafa har ya warke. Ranar da ya bayar mu uku ne a wurin, shi da Yaya da ni. Da hannuna na dasa aduruku a kusurwa huɗu don a san iyaka. Babu takarda, a lokacin wa yake maganar takarda? Da tsohon ya rasu, babban ɗansa Tanko ya ce aro ne ba kyauta ba, ya kai ƙara gaban dagaci, ya ƙara da cewa an ci masa iyakar gona. Dagaci ya ce a kawo shaida. Yaya ya yi murmushi ya ce, "Ai da sauƙi. Ƙanena yana wurin."

Ranar kasuwa ce da hantsi, ƙofar gidan dagaci cike da mutane. Aka kira ni na durƙusa.

Dagaci ya ce, "Haruna, ka ji tsoho ya ce kyauta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ji ba."

"To adurukun nan fa?"

"Yaya ne ya sa ni na matsar da shi cikin gonar, bayan tsoho ya rasu."

Ba wanda ya saye ni, ka ji wannan da kyau. Tanko bai ba ni komai ba, shi kansa juyowa ya yi ya dube ni da mamaki. Yaya kuwa bai yi gardama ba. Sunana kawai ya kira, sau ɗaya, a hankali, kamar mai tashin wanda barci ya kwashe. "Haruna?"

Maganar ta wuce gaban alƙali. Aka ɗaure shi wata shida saboda cin iyaka. Aka kware jinkar majami'a, aka ture bangon. Gero ya nuna a gonarsa, matarsa Saratu ga tsohon ciki. Innarmu ta zo ta tsaya bakin ɗakina, ba ta shigo ba, ta ce, "Me ya yi maka?" Na buɗe baki in ce ya sa an yi mini dariya, sai na ji ƙanƙantar abin, na kasa faɗa. Kafin kaka ta ƙare na bi wani ayarin masu tafiya gabas a ƙasa, ban yi sallama da kowa ba.

Za a kira ka shaida a rayuwarka, ɗana, ko ba a gaban alƙali ba. Shugaban makaranta zai tambaye ka game da abokin aikinka. Wani zai zo neman aure a tambaye ka halinsa. In kana jin haushin mutumin, ka faɗa tun farko cewa akwai abu tsakaninku, a nemi wani. In kuma dole ne, ka faɗi abin da idonka ya gani ka tsaya nan. Maganata ranar ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba, amma mutane da yawa sun yi shekaru suna ɗauke da ita.

Sauran tafiyar ka san wani abu daga ciki: Cadi, Sudan, shekara uku ina cirar auduga, har kakanka na wajen uwa ya ɗauke ni ya koya mini ɗinki. A hannunsa na musulunta. Musuluncina na gaskiya ne, ba wanda ya tilasta mini, a kansa nake roƙon Allah ya ɗauki raina. Amma na yi wani mugun amfani da shi. Na ce wa kaina ai yanzu ni sabon mutum ne, su kuma ba mutanena ba ne, abin da ya wuce ya wuce. Na ce wa kakanka ni maraya ne. Muka ƙetaro teku, muka zauna garin nan, aka haife ka. Ina shiga Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ina kuka, ina neman gafarar ƙananan abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan kuwa ko a sujada ban taɓa ambatonsa ba. Shekara ashirin.

Wata shekara, lokacin da alhazai suka cika gari, wani dattijo ya shigo shagona a rage masa tsawon jallabiya. Ina durƙushe ina auna ƙafarsa, na ji yana kallon tsakiyar kaina. Sai ya ce, "Kai ba Haruna ƙanen Iliya ba ne?"

Sule maƙeri ne, Musulmi, katangarsu ɗaya da gidanmu. Na rufe shago na kawo masa shayi. Ya ce Inna ta rasu shekara bakwai da suka wuce. Ya bar ni na yi kukana. Sannan ya ce, "Tun da aka rushe musu ɗaki, a zauren Iliya suke sujada. Kowace shekara, makon da suke tuna wahalar Annabi Isa, sai an kira sunanka. Ta katanga nake ji."

Na ce, "Tsine mini suke yi?"

Ya ce, "Addu'a suke yi maka, Alhaji. Allah ya kiyaye ka inda kake, ya dawo da kai."

Kwana uku ban iya zura zare a allura daidai ba. Na je wurin wani malami Bahaushe da yake karantarwa a Harami bayan la'asar, na jira mutane suka watse, na ce, "Shehi, haƙƙin wanda ba Musulmi ba, shi ma ana tambaya?" Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Wanda ya halicce ka shi ya halicce shi. Shaidar zur ka yi, kuma kusancin gidanka da masallacin nan ba zai goge ta ba. Mutumin yana da rai?" Na ce yana da rai. Ya ce, "To me kake yi a nan?"

Da na faɗa wa ummarka, ta saurare ni har ƙarshe. Can ta ce, "Shekara goma sha shida ina tausayin maraya, ashe yana da wa." Ta tashi ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Ita ce tafiyar da aka ce muku ta sayen shadda ce, kana ɗan shekara goma sha uku.

Kada ka taɓa mai da addini labule, Madani. In ka ga kana ƙara nafila don kada ka tuna wani mutum, ka sallame ka je ka nemi mutumin.

Ko a wannan tafiyar ban daina kuskure ba. Na cika akwati da agogo, da rediyo, da barguna, da turare. A zatona in na shimfiɗa su a tsakar gida maganar za ta yi sauƙi. Na sauka daga mota da azahar. Na tarar da Yaya a gindin tsamiyar ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, kansa fari fat. Ya ɗago, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Haruna, ka yi ƙiba." Ya jefar da fartanyar ya rungume ni, muka yi ta kuka kamar yara. Da muka shiga gida na durƙusa na fara kwance igiyar akwati. Sai Saratu ta fito daga ɗakin girki ta ce, "Rufe akwatinka."

Ta shimfiɗa tabarma ta ce in zauna. Ta ce, "Shi ya yafe maka tun da daɗewa. Ni kuwa kullum sai na sake farawa. Ka ji duka tukuna." Ta faɗa mini yadda naƙuda ta kama ta a masussuka, ita kaɗai, tana ƙoƙarin tsirar da abin da tsuntsaye suka rage na geron. Yadda Inna ta shekara ba ta zuwa rijiya don kunya, sai dai a ɗebo mata. Yadda Yaya ya fito da tarin da har yau bai rabu da shi ba. Yadda ɗan da ta haifa ya girma ana nuna masa kangon majami'a ana cewa aikin baffansa ne. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma tsallake komai ba. Sau biyu na buɗe baki in ce a yi haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Har inuwa ta juya. Da ta gama, ta share fuskarta da gefen zane, ta shiga ɗaki, ta fito da buta cike da ruwa ta ajiye a gabana. Ta nuna kusurwar rumbu ta ce, "La'asar ta yi. Gabas nan ne."

In ka cuci mutum, kada ka aika kyauta ta yi maka magana. Ka je da bakinka da kunnenka. Kuma kada ka gaggauta shi. Ba kai za ka faɗa masa ranar da ciwonsa zai warke ba.

Washegari da safe muka zauna da Yaya a gindin tsamiya, na tambaye shi yadda aka yi suka koma yi mini addu'a. Ga abin da ya faɗa mini, ka riƙe shi, don shi ne dalilin wannan takarda.

Bayan na gudu, matasan ikilisiya suka sa mini suna Yahuza. A Littafinsu shi ne almajirin da ya ba da Annabi Isa ga maƙiyansa bayan sun ci abinci a akushi ɗaya. Har waƙa suka yi, yara suna rera ta a ƙofar Inna. Da makon tunawar ya zo, Yohanna ya dawo hutu daga makaranta, aka ba shi karatu. A gindin tsamiyar nan suke sujada a lokacin, kafin su koma zaure. Ya kai wurin labarin cin amanar, ya ɗago ya ga Inna zaune a gaba, sai ya juya shafi zai tsallake. Inna ta ce, "Yohanna, koma baya. Karanta duka. Ba don mu ji daɗi aka rubuta shi ba." Ya koma ya karanta da in'inarsa: wanda ya sayar, da babban almajiri Bitrus wanda ya rantse har sau uku cewa bai ma san ubangidansa ba, da sauran da suka watse kowa ya yi ta kansa.

Akwai wata tsohuwa makauniya, Iya Rifkatu, ba ta iya karatu ba amma ba abin da yake wuce kunnenta. Ta buga sandarta ta ce, "Ni dai mutum biyu na ji sun ci amana. Ɗaya ya yanke ƙauna ya halaka kansa. Ɗaya ya yi kuka ya dawo, aka ba shi kiwon jama'a. Wa ya faɗa muku wanne ne namu? Yaron nan yana da rai." Ta sake buga sandar. Ta ce, "Sauran da suka gudu fa? Ranar da aka kai Iliya gaban alƙali, mu nawa muka bi shi?" Mutum biyu ne suka bi shi, kowa ya sani. Matasan da suka yi waƙar suka sunkuyar da kai. Wani dattijo ya miƙe ya ce shi tsoro ya hana shi. Wani ya ce shi ne ya fara dariya ranar da aka kunyata ni. Daga ƙarshe Yaya ya miƙe ya faɗi nasa, cewa shi ya kunyata ni a gaban mutane.

Ya ce mini, "Ban ce laifinka ya ragu ba, Haruna. Naka naka ne. Amma nawa ma nawa ne, kuma sai da aka karanta labarin duka na gan shi."

Ranar suka hana waƙar. Suka yanke cewa duk shekara a makon nan za a karanta labarin ba tsallake, a kuma roƙa mini Allah da suna. Yaya ya ce shekara uku na farko shi bai iya furta sunan ba. Yohanna ne yake faɗa, yana maƙalewa a harafin farko, jama'a suna jira har ya fitar.

Maimakon in yi shiru, sai girman kai ya sake taso mini. Na ji na yi ƙasa da yawa, na nemi inda zan ɗan tsaya. Na ce, "Amma Yaya, yaya kuke iya karanta abin da Littafinku ya ce Annabi Dawuda ya yi, na matar sojansa? Mu ba mu yarda annabi zai aikata haka ba."

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Na sani, ban kuma ce ka yarda ba. Mu ma ba daɗin karanta shi muke ji ba. Wata shekara wata yarinya ta fashe da kuka a tsakiyar karatun, ta ce matar fa, wa ya tambaye ta? Mijin da aka kashe fa? Ba ni da amsa ranar. Na ce mata ban sani ba, muka zauna da tambayar tare, har yau muna komawa kanta. Amma da an cire irin waɗannan wurare daga Littafin, ranar da ƙanena ya ƙaryata ni da ban san inda zan sa kaina ba. Da na ɗauka ni kaɗai ne irin wannan ya taɓa samu. A kurkuku su na riƙa tunawa, da Yusufu da 'yan uwansa."

Ni ina nan kan aƙidata game da annabawa, kai ma ka riƙe taka, kada ka sassauta don a ji daɗinka. Amma kada ka shiga gidan nan da gardama, kamar yadda na yi don in rufe kunyata. Ka lura da abin da suka yi. Mutane ne marasa yawa, marasa ƙarfi, aka ci amanarsu daga cikin gida. Ba su binne maganar ba, ba su kuma bar ta ta cinye su ba. Sun buɗe wurin da ya fi zafi a Littafinsu, suka karanta shi a gaban uwar mai laifin, kowa ya nemi kansa a ciki. Ɗalibanka za su yi maka tambayoyi masu wuya. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Kada ka juya shafi.

Kwana huɗu da zuwana Yaya ya ce, "Yafiya ka same ta, ba saura. Amma a littafin alƙali har yau ni mai cin iyaka ne." Na ce ko za a kira dagaci gefe a yi maganar a zaure. Ya ce, "A zaure ka yi ta farkon?"

Ranar kasuwa muka tafi. Ɗan tsohon dagacin ne a kan gado. Tanko yana nan, ya tsufa, ya zama Alhaji. Na durƙusa inda na durƙusa shekara ashirin da suka wuce, na ce, "Ranka ya daɗe, na zo gyara shaida." Na faɗi komai, muryar nan tawa mai fita ta yi amfani ranar. Na ce da kunnena na ji Malam Gambo ya ce kyauta. Na ce adurukun yana inda na dasa shi tun tsohon yana da rai. Na ce haushi ne ya sa ni, yayana bai taɓa cin iyakar kowa ba.

Kasuwa ta tsaya. Dagaci ya juya wajen Alhaji Tanko. Tsohon ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce, "Maganar adurukun, tun ranar na san ba haka ba ne, don ina ganinsa a wurin tun mahaifina yana da rai. Na yi shiru saboda fili ya yi mini daɗi. Na je Makka na dawo abin yana nan a wuyana. Ranka ya daɗe, a mayar musu, a kuma rubuta."

Madani, ban taɓa jin guɗa irin ta ranar ba. Saratu ce ta fara. Matan ikilisiya suka ɗauka, matan kasuwa suka taya su, masu fura da masu daddawa, ba wanda ya tsaya tambayar addinin wani. Yaya ya tsaya a tsakiyar mutane yana tari yana dariya, hawaye yana bin gemunsa. Aka aika wa alƙali takarda, aka wanke sunansa.

Washegari aka fara kwaɓa ƙasa. Na tuɓe babbar riga na naɗe wando na shiga cikin laka. Sule maƙeri ya ƙera musu ƙarafan ƙofa. Wani ya tsaya a bakin hanya ya ce, "Alhaji, kai da ginin coci?" Na ce, "Bangon da na rushe nake mayarwa." Kafin in taho bango ya kai kafaɗa. Ranar Lahadin ƙarshe suka shiga ciki ba rufi, suka yi sujadarsu. Ni ina waje a inuwa, ina jin ganga da waƙa har ƙasa tana amsawa. Na ji Yohanna ya kira sunana, wannan karon godiya yake yi. Na dawo garin nan na shiga Harami, na yi sujadar da ban taɓa yin mai sauƙinta ba.

Kuskurena na ƙarshe ku na yi wa. Na dawo na sake yin shiru, shekara goma. Na ji tsoron abin da za a ce muku a madarasa in aka ji kuna da dangi Kirista, na kuma ji tsoron yadda za ku dube ni. Da wannan shirun na hana ku baffa, na hana shi 'ya'ya. Duk shekara yana aiko da takarda ta hannun alhazai yana tambayar sunayenku ɗaya bayan ɗaya. In Allah ya ba ka naka 'ya'yan, ka ba su labarinka da wuri, har da inda ka faɗi. Za su fi tsayuwa da ƙafafunsu.

To, ka je a hutunka na farko. Ka cire takalmi a ƙofar zaure, ka durƙusa, ka ce masa Baffa. Ka yi Hausa ko da a karye take, ba wanda zai yi maka dariya a gidan nan. Ka gaida Saratu gaisuwar uwa, ka ci abin da ta ba ka. Ka yi sallarka a kan lokaci, ba za su hana ka ba, su za su tuna maka. In ya sa maka albarka ka ce amin. An ce mini idanunsa sun yi rauni ƙwarai a bana. Zai miƙo hannu ya shafa fuskarka, goshi da hanci da haɓa, yana neman tawa a ciki. Ka tsaya cak, ka bar shi har ya gama.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Allah ya kiyaye harshenka daga abin da ya kayar da ni, ya sa ka zama sanyin ido ga waɗanda za ka tarar. Allah ya kai ka lafiya, ya zaunar da kai lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Na ba Allah ajiyarka.

Mahaifinka,
Haruna Tela